Hajaratu a Bakin Rijiya: Uwar da Aka Kora da Ɗanta a Littafin Kiristoci

Salamu alaikum jama'a, masu kallonmu na Gadarif da Kasala da Damazin da Mai Wurno, da waɗanda guguwa ta kai har Bur Sudan.

Tun da harbi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, akwai abin da kowa ya gani da idonsa a bakin hanya: mace da goyo a baya, jarkar ruwa a hannu, wani yaron yana riƙe da gefen zaninta, babu namiji tare da su. Da yaƙin ya iso Wad Madani a watan Disamba na shekarar, sai irinsu suka ninka. A makarantun da aka mayar masauki, za ka tarar da Bahaushiya Musulma da 'yar Dutsen Nuba Kirista sun shimfiɗa tabarmi a aji ɗaya. Idan Bahaushiyar ta ambaci Nana Hajara, maƙwabciyarta ba za ta tambaye ta ko wace ce ba, domin ita ma tana da ita a littafinta. Littafin maƙwabciyar nan za mu buɗe yau, mu ji abin da ya ce game da uwar da aka rufe wa ƙofa ita da ɗanta. Sunayen zan faɗe su yadda suke a fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki, wato Baibul, wadda aka fara buga ta cikakkiya a 1932: Hajaratu, Saratu, Isma'ilu, Ishaku.

Labarin yana Littafin Farawa, sura ta 16. Ibrahim ya shekara goma a ƙasar Kan'ana, matarsa Saratu ba ta samu haihuwa ba. Sai ta ɗauki baiwarta Bamasariya ta ba mijin, don a haifa mata ɗa ta wurinta. Al'adar zamanin ce, har dokokin Hammurabi sarkin Babila sun yi magana a kan baiwar da aka ba miji ta haihu ta fara haɗa kafaɗa da uwargida. Babu inda littafin ya ce an tambayi Hajaratu ko ta yarda. Ta ɗauki ciki, ta fara kallon uwargijiyarta sama-sama, gida ya ɗauki zafi. Saratu ta kai ƙara, Ibrahim ya zame, ya ce baiwarki ce, tana hannunki. Saratu ta gallaza mata har ta gudu da cikinta, ta kama hanyar Shur, wato hanyar da ta nufi Masar. Garinsu take nema.

A bakin wata maɓuɓɓugar ruwa cikin jeji mala'ikan Ubangiji ya same ta. Wannan ne karo na farko da aka ambaci mala'ikan Ubangiji a duk littafin, kuma wurin baiwa mai gudun wuya aka aiko shi. Ku lura da abu ɗaya da mai karatun sauri kan tsallake. A duk maganar da miji da mata suka yi a kanta, ba wanda ya kama sunanta. Saratu ta ce baiwata, Ibrahim ya ce baiwarki. Bakin da ya fara cewa Hajaratu shi ne na mala'ikan. Ya yi mata tambaya biyu: daga ina kika fito, ina kuma za ki? Ta farkon kaɗai ta amsa, ta ce gudu nake daga uwargijiyata. Duk wanda ya taɓa fita da dare da takalmi ɗaya ya san dalilin da ya sa ta biyun ba ta da amsa.

Abin da ya biyo baya yana da ɗaci, ba zan ɓoye muku ba. Mala'ikan ya ce ta koma gidan da ta gudo. Masu wa'azi da yawa sukan wuce wurin nan da hanzari, wasu kuma su ce mace mai ciki ita kaɗai ba za ta ƙetare wannan hamadar da rai ba. Littafin dai bai faɗi dalili ba. Amma bai mayar da ita hannu biyu ba. An yi mata alkawarin zuriyar da ba ta ƙirguwa, irin alkawarin da aka saba yi wa maza iyayen kabila. An raɗa wa ɗan suna tun yana ciki, Isma'ilu, wato Allah ya ji, domin ya ji wahalarta. Ita kuma ta yi abin da ba a ga wani ya yi ba a littafin: ta kira Allah da sunan da ta ba shi da kanta, El Royi, Allah mai ganina. Rijiyar ma ta ci suna, Biyer-lahai-royi, rijiyar Rayayye mai ganina, tsakanin Kadesh da Bered. Ku riƙe sunan rijiyar nan. Ibrahim yana da shekara 86 aka haifi yaron.

Bayan shekara 14, yana da 100 cif, Saratu ta haifi Ishaku. Ranar bikin yaye, a sura ta 21, ta hango ɗan Hajaratu yana dariya, wasu fassarori suka ce ba'a yake yi, wasu suka ce wasa. Ko ma dai mene ne, maganar da ta fito daga bakinta ta nuna inda gizo ke saƙa: a kori baiwar nan da ɗanta, ba zai ci gado tare da ɗana ba. Gado. Babu Bahaushen da ke bukatar a yi masa bayanin wannan. Ran Ibrahim ya ɓaci saboda ɗansa, amma Allah ya ce ya bi maganar Saratu, shi zai mai da ɗan baiwar al'umma.

Da sassafe ya ba ta gurasa da salkar ruwa, ya ɗora mata a kafaɗa. Ni kam wurin nan yana tsaya mini a wuya, domin littafin ne da kansa ya gaya mana a sura ta 13 cewa mutumin nan attajiri ne mai dabbobi da azurfa da zinariya. Ko jaki ba a ambata ba. Ta yi ta gararamba a jejin Biyer-sheba har salka ta bushe. Ta ajiye yaron a gindin wani ɗan kurmi, ta koma nesa kamar nisan harbin kibiya ta zauna, ta ce kada in ga mutuwarsa da idona. Ta ɗaga murya ta yi kuka.

Uwar ce aka ce ta yi kuka, amma littafin ya ce Allah ya ji muryar yaron. Sunansa ne ya bi shi. Aka sake kiranta da sunanta daga sama, aka ce me ke damunki Hajaratu, kada ki ji tsoro, tashi ki kama hannunsa. Sai Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya. Ba a ce an haƙa mata sabuwa ba, cewa aka yi idonta ya buɗe, kamar dai ruwan yana nan kusa tun ɗazu, baƙin ciki ne ya rufe mata gani. Yaron ya girma a jejin Faran ya zama maharbi, uwar ce kuma ta nemo masa mata daga Masar, aikin da a gidan Ibrahim uba ne ke yi.

Mu da kakanninmu suka tako daga Sakkwato da Kano suka bi ta Sawakin zuwa aikin hajji, mun san labarin ta wata fuska. A hadisi Isma'ilu jariri ne, wurin kuwa kwarin Makka ne, uwar ta yi safa da marwa sau bakwai har Zamzam ta ɓullo. A Farawa, idan ka yi lissafin shekarun, yaron ya haura 14, wurin kuma Biyer-sheba. Ruwayoyi biyu ne, kowace da mutanenta, ba kuma shari'a muka zauna yi ba.

Akwai wani zare da sai mai jin Ibraniyanci, harshen da aka rubuta labarin da shi tun asali, yake gani. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen cewa Saratu ta wahalar da Bamasariyar nan, ita ce aka sake ɗaukowa a Littafin Fitowa lokacin da Masarawa suka wahalar da jikokin Saratu. Reshe ya juye da mujiya. Da aka zo ba su doka a Fitowa sura ta 22, da wannan kalmar dai aka gargaɗe su: kada ku wahalar da gwauruwa ko maraya, in suka yi mini kuka lalle zan ji. Dokar ba ta tsaya a gargaɗi ba, ta shiga gona. A Maimaitawar Shari'a sura ta 24 an ce in ka manta dami a gona kada ka koma ɗauka, in ka kakkaɓe zaitun kada ka sake bi, ragowar ta baƙo ce da maraya da gwauruwa. Kala ke nan, wadda matanmu ke yi a gonakin dawa na Gadarif bayan an gama yanka. A can haƙƙi ne da doka ta rubuta, mai gona ba alfarma yake yi ba. Da kala Rut, baƙuwa 'yar Mowab, ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a Baitalami, ita ce kuma ta haifi Obida kakan Dawuda.

Ko borar gida ba a manta da ita ba. Yakubu ya fi son Rahila, ita ce mowa, sai aka ce da Ubangiji ya ga ba a son Lai'atu, ya ba ta haihuwa. Ɗanta na biyu ta sa masa Saminu, wato Simeyon, sunan da ya fito daga tushe ɗaya da na Isma'ilu, tushen ji.

A Littafin Sarakuna na Fari sura ta 17, fari ya yi tsanani, aka aiki annabi Iliya garin Zarefat a yankin Sidon, wajen iyakar Isra'ila. Ya tarar da wata gwauruwa tana tsintar ƙirare a bakin gari. Abin da ya rage mata tafin hannu ɗaya na gari da ɗan mai a tulu, ta ce za ta dafa su ci ita da ɗanta sannan su jira mutuwa. Garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba, har ruwa ya sauka. Almajirinsa Elisha ya gamu da wata wadda mai bin bashi ya zo kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi, ya ce ta aro tuluna a maƙwabta, man ya yi ta zuba har ta biya bashin da saura.

Labarin Zarefat ɗin ne Yesu ya tuna wa mutanen garinsu Nazarat a Linjilar Luka sura ta 4, ya ce gwauraye sun yi yawa a Isra'ila a lokacin, amma wurin baƙuwa aka aiki Iliya. Suka fusata har suka nemi jefa shi daga kan dutse. A sura ta 7 kuma ya ci karo da makara a ƙofar garin Nayin, an ɗauko tilon ɗan wata gwauruwa. Matar ba ta roƙe shi komai ba. Luka ya ce ya gan ta, tausayi ya kama shi, ya taɓa makarar, ya mayar wa uwar ɗanta. A yankin Taya kuwa wata ba Bayahudiya ba ta zo roƙo saboda 'yarta, ya fara ba ta amsa mai kaushi, cewa ba a ɗaukar abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka. Ba ta yi zuciya ba, ta ce ai karnukan ma suna cin abin da ya faɗo daga teburin. Ta koma gida ta tarar 'yar ta warke.

Adalci ne in faɗa muku cewa ba ko'ina aka ɗaga Hajaratu ba. Bulus, ɗaya daga cikin manzannin Kiristoci na farko, a wasiƙarsa ga Galatiyawa sura ta 4 ya ɗauke ta misalin bauta, Saratu misalin 'yanci, har ya maimaita maganar korar. Shi da kansa ya ce misali yake bugawa a kan shari'a da alkawari, amma an daɗe ana karanta wurin kamar hukunci ne a kan matar da zuriyarta, aka bar surori biyun da muka karanta suna shan ƙura.

Mu koma Farawa, sura ta 25. Ibrahim ya rasu yana da shekara 175, waɗanda suka binne shi a kogon Makfela kuwa 'ya'yansa biyu ne, Ishaku da Isma'ilu, tare. An lissafa 'ya'yan Isma'ilu goma sha biyu da sunayensu, kowanne shugaban kabila, shi kuma ya yi shekara 137. Bayan rasuwar Ibrahim, littafin ya faɗi inda Ishaku ɗan Saratu ya je ya kafa tantinsa ya zauna. A bakin Biyer-lahai-royi ne, rijiyar Hajaratu.