Kahin ka rubuta komi cikin kalkilatar mota, karanta ka aje

Assalamu alaikum ƴan uwa makanikai da masu lantarkin mota, na nan Yamai da na Tawa da duk inda kuke kallonmu. Wanga akwatin da ke bisa tebur shi ne kalkilatar, wasu su ce ƙwaƙwalwar mota. Da yawa cikinmu mun iya sa balis, na'urar binciken mota, mu goge defo, wato lambobin matsalar da kalkilatar ta aje, amma in anka ce a karanto abin da ke cikin pis ɗin kanta, wato ƙananan kayan lantarkin da ke riƙe bayanai cikin kalkilatar, sai kowa ya ja baya, to yau shi za mu buɗe.

Ku duba nan. Wagga babbar baƙar pis mai ƙafahu da yawa ita ce mikrokontrolar, ita ka lissahin yawan esansi ko gazuwal da anjektar zai hesa da lokacin da buji zai ba da wuta. Tsarin aikin da taswirorin moter, wato jadawalin lambobin da take lissahi da su, suna zaune cikin ma'ajiyar da ake cewa flash, wani lokaci cikin babbar pis ɗin, wani lokaci a wata pis dabam kusa da ita, mega 1 ko 2 haka. Sai wagga ƴar ƙarama mai ƙafa 8, ita ce EEPROM, za ku ga an rubuta 93C56 ko 93C66 ko 24C04 ko 95320 a bayanta. 93C56 ɗin nan bayit 256 kawai take ɗauka, amma nan lambar anti-demaraj take, wato tsarin da ke hana mota tashi in ba da makullinta ba, a wasu motoci har lambar shasi da lambobin anjektar. Ita ce katin shaidar motar. Flash in ya ɓace sau da yawa kana samun irinshi wajen wani, don duk kalkilatar mai lamba ɗaya kusan abu guda ne a ciki, amma abin da ke cikin EEPROM na wagga mota ne ita kaɗai.

Hanya mahi sauƙi ita ce ta fish ɗin OBD, inda ake soka balis, da ke ƙarƙashin sitiyari, mai rami 16. Amurka ta tilasta shi tun 1996, Turai a 2001 ga motocin esansi, shi ya sa kusan duk motar da anka shigo muna da ita tana da shi. Rami na 16 wutar batir ce, 4 da 5 mas, 7 tsohon layin K, 6 da 14 kuma layin CAN wanda Bosch ta hito da shi a 1986, K da CAN duka hanyoyin da bayanai ke bi ne. Kuma don Allah kahin ka ce ma mai mota kalkilatar ta mutu, cire kan batir ka sa miltimetir tsakanin 6 da 14, in layin lahiya lau yake za ka ga wajen om 60. Ka duba fizibil, ka duba mas. Motoci nawa anka canza ma kalkilatar alhali waya ce ɓera ya ci.

Sai dai ta OBD ba komi kake samu ba. Yawanci ɓangaren taswira kawai yake ba ka, EEPROM ba ta zuwa, kuma a wasu motoci na'urar ma ba karantawa take ba, lambar tsarin take dubawa ta sabko maka da fishiye irinshi daga intanet. Wanda ya aje wannan ya ɗauka yana da cikakken kwahi, ranar da abu ya lalace zai gane babu.

Shi ya sa ake cire kalkilatar a kawo bisa tebur. Kowane iri da ƙofarshi. Bosch EDC15 na tsofaffin motocin gazuwal Infineon C167 ke ciki. EDC16 kuma Motorola ne, dangin MPC555, akwai wasu ƴan ɗigo-ɗigo bisa kartin da ake ɗora ma allurai, shi ne ake cewa BDM, da shi kana kwaso flash da EEPROM gaba ɗaya. EDC17 da MED17 TriCore ke ciki, kamar TC1766 da TC1797, su EEPROM ɗinsu cikin babbar pis take kuma da yawa suna da kalmar sirri, ko dai ka shiga ta fish ɗin kalkilatar ba tare da ka buɗe ba in na'urarka ta iya, ko ka buɗe ka haɗa ƙafar but, wadda ke sa pis ɗin ta yarda a karanta ta kai tsaye. In za ka buɗe murhin, ɗuma gam ɗin a hankali, kar ka cusa turnabis da ƙarhi, akwai ƙananan kaya dab da baki, ɗaya ya tashi shi ke nan.

To ga inda nike so ku saurara da kyau. Ko wace na'urar karatu da rubutu gare ka, KESS ko KTAG ko Xprog ko UPA, aikin farko karatu ne. Karanta sau biyu, ka gwada fishiye biyun, in ba su zo daidai ba har bayit ɗaya to karatun bai yi ba. Buɗe shi ka duba da idonka, in ka ga FF ne tun daga sama har ƙasa ko 00 zalla, wataƙila pens ɗin da ka maƙala ma pis ɗin bai kama ƙafahun ba ko ka juya ƙafa ta ɗaya, wadda ɗigo ke nunawa. Wata EEPROM ɗin ba ta karantuwa daidai tana bisa karti sai ka ciro ta da iska mai zahi. Dangin 93C kuma ana karanta su da bit 8 ko 16, yadda ka karanta haka za ka maida. In karatu ya yi kyau sa mishi suna da lambar mota da lambar kalkilatar da kwanan wata, aje ɗaya a ordinatar ɗaya a kile USB, wannan na asalin kar ka taɓa shi har abada, kwahinshi za ka yi aiki da shi. Maigida, yaronka ma ka koya mishi wannan kahin ka ba shi ƙarhen sudir.

Wajen rubutu, wuta ce abin tsoro. Na'ura sai ta share flash tukun take zuba sabo, in wuta ta yanke a tsakiya kalkilatar ba ta ƙara amsawa ta OBD. Kuma mun san yadda wuta take ɗaukewa lokacin zahi a Afirilu da Mayu, don haka batirin ordinatar ya zan cike, motar kuma a haɗa mata alimantasiyon mai riƙe wajen bolt 13 da rabi, a kashe fitilu da kilim. In ka canza wani abu cikin fishiye sai an gyara jimillar tantancewa da kalkilatar ke dubawa, in ba ta zo daidai ba mota ba ta tashi.

Da damina za a kawo maka wadda ruwa ya shiga. In pis ɗin na karantuwa, nemo wata kalkilatar mai lamba iri ɗaya a kasuwar feray, ta Bosch lambar tana farawa da 0281 in gazuwal ce, 0261 in esansi ce, ka karanta ita ma ka aje, sannan ka zuba mata na tsohuwar, mota ta tashi da makullinta na da. Wanda ya zo a cire mishi anti-demaraj kuwa ya nuna kartigiris da katinshi tukun, kuma rage kilomita a tablo don a saida mota cuta ce, ni ba ni yin shi, ku ma kar ku yi.

In ka gama rubutu, sake karantowa ka gwada da abin da ka zuba, maida gam a bakin murhin don ƙura da ruwa, ɗaura ta a mota, buɗe kontak ka jira fitilar anti-demaraj ta mutu, sa balis ka goge defo, sannan ka tada.