Lacca: Yadda ake haɗa katalis na ƙarfe, da abin da takardar mallaka take karewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke nan gaba, ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. Na baya kuna ji na? To madalla. An ba ni minti arba'in, kuma na yi niyyar kawo hanyoyi huɗu da masana'antu ke bi wajen haɗa katalis na ƙarfe, mu ga ko lokaci zai bar mu.

Ga waɗanda ba 'yan kimiyya ba, katalis wani abu ne da ake sakawa don ya hanzarta haɗuwar sinadarai, shi kuma a gama aiki yana nan bai ƙare ba. Takin zamani, man fetur, roba, kusan duk sai sun bi ta kansa. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, ba wanda zai je ofishin rajista ya ce nikel nasa ne ko ƙarfe nasa ne. Allah ne Ya halicce su a ƙasa. Abin da ake yi wa rajistar mallaka shi ne dabarar sarrafawa: me aka gauraya da me, a wane zafi, me aka fara zubawa. Dalili kuwa, aikin katalis duk a fatarsa yake. Ƙwayar ƙarfen da ke binne a tsakiyar dunƙule ba ta tsinana komai, iska ba ta kai gare ta. Don haka duk gwagwarmayar masu ƙirƙira ita ce a sami fili mai yawa daga ƙarfe kaɗan.

Hanya ta farko ita ce narkarwa. Lokacin da Fritz Haber ya nuna a Jamus cewa ana iya haɗa amoniya, wadda ake yin takin zamani da ita, daga naitrojin da haidrojin, da osmiyam ya yi aiki, ƙarfen da samunsa sai an sha wuya. Kamfanin BASF ya sa Alwin Mittasch neman madadi, ya yi gwaji dubbai, har ya dace da wani dutsen ƙarfe daga Suwidin. Da aka bincika sai aka ga ashe 'yar ƙazantar da ke cikin dutsen ce ke taimakawa. Daga nan aka tsayar da tsari: a narkar da dutsen tare da ɗan alumina da fotash da farar ƙasa, a bari ya huce, a farfasa, a tankaɗe, sannan a bi shi da haidrojin ya zare masa oksijin. Masana'antar BASF da ke Oppau a Jamus ta fara aiki a 1913, kuma har gobe yawancin masana'antun taki da jikokin wannan katalis suke aiki.

Ta biyu, to, nan fa za ku yi haƙuri da ni, don ita ce nake ƙauna. Murray Raney. Ba'amurke ne, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, kuma injiniyan injuna ne, ba ma ilimin sinadarai ya karanta ba. Masu sinadarai, ku yi haƙuri. (Dariya.) Aikin kamfanin da Raney yake yi wa aiki a lokacin shi ne daskarar da man auduga ta hanyar cusa masa haidrojin. Paul Sabatier a Faransa ya riga ya nuna cewa garin nikel yana wannan aiki, Wilhelm Normann kuma ya yi wa amfani da shi a kan mai rajista a 1902. Sai dai nikel ɗin da ake da shi bai gamsar da Raney ba. Kowa yana tunanin yadda zai niƙa nikel ya ƙara laushi, shi kuwa ya ce a'a, bari in haɗa shi da wani ƙarfe, in ya so daga baya in cinye wancan ɗin.

Da silikon ya fara, ya sami takardar mallaka a 1925. Sai ya koma alminiyam, takarda ta fito a 1927, kuma wannan ce ta yi suna. Ku saurari yadda ake yi. Ana narkar da nikel da alminiyam, rabi da rabi a nauyi. Su huce, a niƙa su gari. Sai a riƙa barbaɗa garin cikin ruwan soda mai ƙarfi, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, kaɗan-kaɗan, na ce kaɗan-kaɗan, don tukunyar na ɗaukar zafi tana kumfa, haidrojin na tashi fuuu. Wanda ya juye gaba ɗaya zai ga abin da bai shirya ba. Sodar tana cin alminiyam, ba ta taɓa nikel. Abin da ya rage a gindin tukunya wani toka-tokan gari ne, kowace ƙwaya ta zama kamar soso, ramuka a ciki ko ta ina. Giram ɗaya tak, idan ka shimfiɗa duk bangon ramukan nan, za ka sami kusan murabba'in mita 100. Giram ɗaya fa!

Ba a nan ya tsaya ba. Ramukan suna fitowa cike da haidrojin ɗin da aka samar wajen cinyewar, wato katalis ya fito a shirye, ba ya jiran a tashe shi. Shi ya sa ba a barin sa ya bushe, cikin ruwa ake ajiye shi, cikin ruwa ake sayar da shi. Ka ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali ka shafa a takardar tacewa ka koma gefe. Ruwan na bushewa za ka ga tartsatsi ja, takarda ta kama. A ɗakin gwaji da haka ake gane yana da rai. Ɗalibai, ban ce ku je ku gwada ba, ga shugaban sashe nan yana harara ta. (Dariya.)

Kuma ba a cinye alminiyam ɗin duka, ana barin saura don ya tallafe ramukan kada su rufta. Idan ka yi zafin soda fiye da kima, ramukan su haɗe, fili ya ragu. To kun ga inda mallakar take? Tana cikin abin da aka cire da yadda aka cire shi. Ni a ganina ba a yi dabarar da ta kai wannan kyau ba a fannin nan, ko da yake wasu abokan aikina za su ce son kai ne. Kamfanin W. R. Grace ya sayi kasuwancin Raney a 1963, kuma sunan Raney kansa alamar kasuwancinsu ce har yau.

Ina muke? Ta uku ko? An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. To bari in haɗa sauran. Akwai jiƙawa: ka sami alumina mai ramuka, ka jiƙa shi da ruwan gishirin ƙarfen, ka busar, ka gasa. Da haka ake baza filatinam da faladiyam da rodiyam a cikin tukunyar salansar mota, giram 'yan kaɗan su wadatar. Akwai kuma kwantarwa, inda ake sa tagulla da zinki da alminiyam su kwanto tare daga cikin ruwa, irin wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1966 don haɗa metanol. Na so in taɓo rigimar robar folifrofilin, wadda aka gano a farkon shekarun 1950 amma sai 1983 kamfanin Phillips ya karɓi takardarsa a Amurka, sai dai... na'am, ga hannu can.

(Wata ɗaliba: Malam, tunda takardar Raney ta daɗe da ƙarewa, me ya hana kowa ya haɗa nasa ya daina saya?)

Allah Ya yi miki albarka, tambayar ta fi abin da na shirya rufewa da shi. A doka babu abin da ya hana. Yarjejeniyar ita ce, hukuma ta ba ka kariya ta shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, kai kuma ka bayyana wa duniya dabararka yadda masanin fannin zai iya maimaitawa. Wa'adi na cika, ta zama ta kowa, kuma akwai kamfanoni da dama da ke yin irin wannan nikel ɗin da wasu sunaye. Amma ki ɗauko takarda irin wannan ki karanta. Za ki ga lauya ya rubuta zafi daga kaza zuwa kaza, tazara mai faɗi, don ya toshe wa abokan hamayya hanya. Ainihin inda ma'aikata ke tsayar da allura, saurin juya tukunya, sau nawa ake wankewa, irin ruwan da ake wankin da shi, yawancin wannan a cikin kawunan ma'aikata yake, kamfani ya riƙe shi sirri, sirri kuma ba shi da wa'adi. Sannan mai masana'antar da ya zuba tan-tan na katalis a tukunyar da ba ya son kashewa sai bayan shekaru, ba zai yi kasada da sabon hannu don rangwame ba. Ɗan sulfa kaɗan ya shiga, katalis ya mutu, aiki ya tsaya. Shugaba ya miƙe tsaye, to na gani. Mai sauran tambaya ya same ni a waje. Wassalamu alaikum.