Kunshin Shaidar Fyaɗe: Daga Asibiti Zuwa Ɗakin Gwaji

Assalamu alaikum warahmatullah. Likitoci, ma'aikatan jinya, lauyoyi da jami'an tsaro da ke zaune a nan, sannunku da haƙurin zama. An ce in yi magana a kan dokokin gwaji da adana shaidar fyaɗe. Magana ce mai nauyi a baki, sai dai ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka ku yi mini afuwa in na kira abu da sunansa.

Zan fara da wani sito a birnin Detroit, jihar Michigan ta Amurka. A shekarar 2009 aka shiga wannan sito na 'yan sanda, aka tarar da kwalaye 11,341 jibge, ƙura ta rufe su. Kowane kwali shaidar mutum ɗaya ce da aka yi wa fyaɗe. Wasu tun shekarun 1980 suke ajiye, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin ɗakin gwaji ba.

Me ke cikin kwalin? Ma'aikatan jinya sun sani, amma bari in faɗa saboda sauran. Idan mace ta zo asibiti bayan abin ya faru, ana ɗaukar awanni a kanta. A sa tsinke mai auduga a goge wuraren da maniyyi ko yawu zai iya maƙalewa, a kankare ƙarƙashin farce, a tsefe gashi, a karɓi tufafin da ke jikinta, a rubuta raunuka. Ku duba halin da take ciki a wannan lokaci. Ta daure wa duk wannan ne don tana sa ran za a kama mutumin. Sannan a ɗauki kwalin a jefa sito shekara ashirin! A wurina wannan cin amana ne na biyu.

Babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Kym Worthy, ita ta tsaya kai da fata sai an gwada su, har da neman gudummawar kuɗi daga jama'a. Da aka gwada, aka saka sakamakon cikin rumbun bayanan DNA, wato ƙwayar halittar da ke bambanta mutum da mutum, na hukumar FBI, sai ga mutum sama da 800 da shaida ta nuna ba sau ɗaya suka aikata ba. Wato duk shekarun da kwali yake barci a sito, mai laifin yana yawo yana ƙarawa. Binciken da Rebecca Campbell ta Jami'ar Jihar Michigan ta jagoranta ya nuna ba rashin kuɗi da ƙarancin ma'aikata kaɗai ba ne. Sau da yawa ɗan sanda ne bai yarda da maganar matar ba, ya rufe fayil tun kafin ya bincika.

To ga inda doka ta shigo, kuma nan nake so lauyoyi su buɗe kunne. A 2014 Michigan ta yi doka wadda ba ruwanta da tsananta hukunci, kwanaki kawai ta ƙidaya. In matar ta amince a miƙa shaidarta, asibiti zai sanar da 'yan sanda cikin awa 24. 'Yan sanda su zo su ɗauka cikin kwana 14, su kai ɗakin gwaji cikin wani kwana 14. Ɗakin gwaji ya kammala cikin kwana 90 matuƙar yana da kayan aiki. In kuwa ba ta shirya kai ƙara ba, asibiti zai ajiye mata aƙalla shekara guda. Kun ga an ɗauke zaɓi daga hannun jami'in da zai ce shi bai gamsu da labarinta ba.

Gwamnatin tarayyarsu ma ta yi nata. Dokar Debbie Smith ta 2004 ta ware kuɗin rage tulin da ke jiran gwaji. Sunan wata mata ce daga jihar Virginia da aka yi wa fyaɗe a 1989, ba a gano mutumin ba sai 1995, ta hanyar DNA. Sai dokar 2016 da Barack Obama ya sa wa hannu, wadda Amanda Nguyen ta yi fafutukarta. Ita a jihar Massachusetts abin ya same ta, inda doka ta ba ta shekara 15 ta kai ƙara, amma a lokacin ana iya lalata kunshin shaidarta bayan wata shida in ba ta nemi ƙarin lokaci ba. Sabuwar dokar ta ce a shari'o'in tarayya a adana kunshi har shekara 20 ko iyakar wa'adin ƙara, kyauta, kuma in ta nema a sanar da ita a rubuce kwana 60 kafin a lalata.

Mu dawo gida. Muna da dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane. A 2020 Kaduna ta sa dandaƙa cikin hukuncin wanda ya yi wa ƙaramin yaro ko yarinya fyaɗe. A cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai Mirabel a Legas tun 2013, akwai Salama a Kaduna, akwai Waraka a Kano, kuma Legas ta buɗe ɗakin gwajin DNA a 2017. Hukunci dai mun tsananta. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da fushin jama'a, da hujja yake yankewa, kuma hujjarmu tun a tsakar gida take lalacewa. Uwa ta ga 'yarta cikin jini, tausayi ya sa ta dafa ruwan zafi ta gasa ta, ta wanke zanen. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Daga nan a shafe kwana huɗu ana kai-komo gidan mai unguwa ana neman rufin asiri, alhali maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi.

Malam na can baya ya rubuto yana tambaya ko DNA kaɗai ta isa a ɗaure mutum. A'a. Tana nuna an haɗu, ba ta nuna an tilasta. Wannan aikin sauran hujjoji ne, sai dai in yarinya ce ƙarama wadda doka ba ta san da amincewarta ba. Kuma DNA takan wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Ma'aikatan jinya, kafin in miƙa abin magana: tufafi a bar su su bushe a inuwa, a sa a ambulan na takarda, kada a ƙulle a leda, danshi yana ruɓar da shaidar. Duk wanda kunshin ya bi ta hannunsa ya rubuta suna da rana da lokaci, ya sa hannu. Gurbi ɗaya in ya zama babu sa hannu, nan lauyan wanda ake tuhuma zai kafa ƙahon zuƙa. Barista, bismillah, ga abin maganar.