Farashin Abinci Ya Hau, Kuma Bai Sauko Ba

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Kwanan nan duk inda mutum ya juya sai ya ji jami'an gwamnatoci da masana tattalin arziki suna yi wa jama'a albishir wai hauhawar farashi ta fara sauka. Bayan albishir kuma sai nasiha ta biyo baya: magidanta su koyi tsimi, su daina almubazzaranci, su rubuta abin da za su saya kafin su fita cefane. Wannan nasihar ce ta tsaya mini a rai, domin ana faɗa wa mutanen da tuni suka tsuke bakin aljihu har ba sauran abin tsukewa.

In aka ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 10 zuwa kashi 4, ba a ce kaya sun yi araha ba. Abin da ake sayarwa 100 ya zama 110 bara, bana kuma ya haura 114. Mota ce da ta rage gudu alhali tana kan hawan tudu. Farashin da ya hau yana nan inda ya hau, ana ma ƙara masa. Wanda ke riƙe da kuɗin cefane ya san haka ba tare da an karanta masa rahoto ba.

Dalilan da suka tayar da farashin kowa ya san su, kuma ba na musun ko ɗaya. Annobar korona ta 2020 ta dagula sufurin jiragen ruwa. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashe biyu da ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake cinikinta a duniya, Yukiren kuma ita ce kan gaba wajen fitar da man sunflower. A watan Maris na 2022 ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba. Iskar gas ta yi tsada, da ita ake yin takin zamani, sai taki ya bi sahu. Indonesiya ta hana fitar da manja na 'yan makonni a 2022, Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa a watan Yulin 2023, alhali kusan kashi 40 na shinkafar da ake cinikinta a duniya daga can take fitowa. Ga fari da ambaliya, ga jiragen da suka koma zagaye Afirka saboda hare-hare a Bahar Maliya, ga dala da ta yi ƙarfi bayan Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa, har ƙasashen da ke shigo da abinci suka riƙa biyan kaya ɗaya da kuɗi mai yawa. Duk gaskiya ne.

To amma ina sauran labarin? Me ya sa ba a ƙarasa mana shi?

A watan Yulin 2022 aka cimma yarjejeniyar da ta buɗe wa hatsin Yukiren hanya ta Bahar Aswad. Ma'aunin FAO ya yi ta sauka wata bayan wata, har matsakaicinsa na 2023 ya yi ƙasa da na 2022 da kusan kashi 14. Alkama a kasuwar duniya ta koma farashinta na kafin yaƙi. Indiya ta janye haramcinta a 2024, shinkafa ta karye a kasuwar duniya. Shin mai cefane ya gani a ƙasa? A Birtaniya, hauhawar farashin abinci ta kai ƙololuwarta, sama da kashi 19, a watan Maris na 2023, shekara guda cur bayan farashin duniya ya fara sauka. Ranar da labarin yaƙi ya fito, ba a jira kwana bakwai ba aka sauya farashi. Da sauƙi ya zo, sai aka ce mu yi haƙuri, tsohon kaya ne ake sayarwa. Hawa nan take, sauka kuwa sai an ga dama.

Kada wani ya ce manomi ne ke cin wannan ribar. Ma'aikatar noma ta Amurka ta lissafa cewa a kowace dala da aka kashe kan abinci a can, abin da ke isa gona bai wuce kimanin senti 15 cikin senti 100 na dalar ba. Saura yana tsakanin gona da tukunya: masu sarrafawa, masu ƙunshewa, masu jigila, dillalai da manyan kantuna. A wannan tsakanin kuma hannaye kaɗan ne ke riƙe da akala. Kamfanoni huɗu, ADM, Bunge, Cargill da Louis Dreyfus, su ne ke juya mafi yawan cinikin hatsi na duniya. A shekarar kuɗi ta 2022, lokacin da iyalai ke rage kwano, Cargill ya sanar da cinikin dala biliyan 165, mafi yawa a tarihinsa zuwa lokacin. Ban ce duk tsadar nan haɗama ce ba. Man fetur, lantarki, haya da albashin ma'aikata duk sun tashi, kuma ƙaramin mai shago yakan sayo da tsada ne ya sayar da tsada. Amma inda masu sayarwa suka yi kaɗan, babu mai tilasta wa ɗan'uwansa ya sauke farashi, kuma wannan ne abin da ba a son a taɓo.

Akwai kuma wata dabara da ta fi ƙona rai. Farashi yana nan yadda yake, leda tana nan da girmanta da launinta, amma abin da ke ciki ya ragu. Uwa ta sayi madarar da ta saba saya, ta ga ta ƙare kafin ranar da ta saba ƙarewa, sai ta hau yara da faɗa wai suna ɗiba da yawa. Ba yaran ba ne. Abin ya yi ƙamari har Faransa ta wajabta wa manyan kantuna, daga watan Yulin 2024, su liƙa sanarwa a kan duk kayan da aka rage masa yawa aka bar shi a tsada. Ashe in hukuma ta so, tana iyawa.

Masu cewa a bar kasuwa za ta daidaita kanta, sai su faɗa mana yaushe. Ciki ba ya jiran kasuwa.

Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci daga kuɗin shigarsa. A Amurka abinci na cin kusan kashi 11 na abin da mutane ke samu. A ƙasashe matalauta yakan kai rabi, wani lokaci ya zarce. Saboda haka ƙarin farashi iri ɗaya, ga wani ɗan ɓacin rai ne, ga wani kuwa rashin abincin dare ne. Ku dubi yadda abin ke tafiya a gida. Da farko nama ne ke ɓacewa, sai ƙwai, sai madara da kayan marmari, a koma kan abin da zai cika ciki kawai. Daga nan a rage awo. Daga nan uwa ta ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Magidanci ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi, a faɗa masa jimla, ya ƙirga abin da ke hannunsa, ya mayar da kaya biyu yana sunkuyar da kai kada na bayansa su lura. Bayan haka sai a taɓa kuɗin magani da na makaranta, sai bashi. Wannan mutumin ne ake cewa ya koyi tsimi?

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce mutane sama da biliyan 2.8 ba su iya sayen abinci mai gina jiki ba a 2022. Yaron da ya rasa abinci mai kyau a kwanakinsa 1,000 na farko, illar takan bi shi har girma, ko da farashi ya sauko daga baya.

Ba ina kira a ƙayyade farashi da ƙarfin hukuma ba, don sau da yawa hakan ɓoye kaya yake jawowa. Abin da nake nema a fili yake. Hukumomin kare masu sayayya su binciki ribar da ake ci tsakanin gona da kanti, su wallafa abin da suka gano. A tilasta bayyana duk kayan da aka rage wa awo. A daidaita mafi ƙarancin albashi da tallafin marasa ƙarfi da farashin abinci na yau, ba na shekarun baya ba. Duk jami'in da zai sake fitowa ya ce hauhawar farashi ta ragu, ya haɗa da faɗin nawa kwandon cefane yake a 2019 da nawa yake yanzu, da kuma nawa albashi ya ƙaru a tsakani.