Lacca: Antibodi da Gano Mayosin na Ƙwayoyin da Ba na Tsoka Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaji, maganarmu ta yau a kan furotin ne da ake kira mayosin, da kuma antibodin da ake saye domin a gan shi a cikin ƙwayar halitta. Antibodi shi ne furotin ɗin da garkuwar jiki take haɗawa domin ya gane wani abu takamaimai ya manne masa.

Tun a shekarar 1864 masanin nan na Jamus, Wilhelm Kühne, ya ciro wannan furotin daga tsoka ya raɗa masa suna, aka kuma daɗe ana ɗaukarsa abin tsoka kawai. A 1971 Robert Adelstein da abokan aikinsa a Amurka suka tace shi daga filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini, kuma a yau mun san kusan kowace ƙwaya a jikinmu tana da nata. Aikinsa shi ne ya ƙona makamashin ATP, wato sinadarin da ƙwaya take samun ƙarfi daga gare shi, ya ja zaren wani furotin da ake kira aktin, kuma da wannan jan ne ƙwaya take rarrafe, take manne wa maƙwabciyarta, take kuma tsuke tsakiyarta idan za ta rabu biyu. Antibodi ne ya tabbatar da wannan magana ta ƙarshe: a 1977 Mabuchi da Okuno a Japan suka yi wa ƙwayoyin ƙwan tauraron teku allurar antibodin da ke kama mayosin, sai cibiyar ƙwayar ta ci gaba da rabuwa, amma ita ƙwayar ta kasa tsagewa.

To, ina wahalar take? Mayosin rukuni-rukuni ne, kuma na rukuni na biyu da ba na tsoka ba iri uku ne a jikin mutum, IIA da IIB da IIC, waɗanda ƙwayoyin gado MYH9 da MYH10 da MYH14 suke samarwa. Kawunansu, inda injin yake, sun yi kama ƙwarai, kuma nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen kilodalton 230 a ma'aunin nauyin furotin, saboda haka idan aka ware furotin bisa nauyi, aka kwashe su zuwa kan takardar gwaji, aka zuba antibodi, zanen da zai fito zai tsaya kusan wuri guda ko da wanne ne daga cikinsu. Wanda ya ga baƙin layi a daidai wannan nauyi ya ce ya ga IIA, bai faɗi abin da ya sani ba, ya faɗi abin da aka rubuta a jikin kwalba ne. Bambancin yana can ƙarshen wutsiyar furotin ɗin, shi ya sa masu haɗa antibodi nagari suke ɗaukar ɗan guntun wutsiyar, su yi wa zomo allurarsa, sannan su tace abin da jininsa ya samar. Abu na farko da ya kamata mai saye ya nema a takardar kamfani ke nan: da wane yanki aka yi allurar? Idan kamfani ya ƙi faɗa, ni a ganina a bar masa kayansa.

Antibodi shaida ne, kuma alƙali ba ya karɓar shaida sai an yi masa tazkiyya. Tazkiyyarsa a nan ita ce a gwada shi inda aka san amsa tun kafin a tambaye shi. Filatilet IIA kaɗai gare su, don haka dole antibodin IIA ya kama su, na IIB kuwa ya yi shiru. Ƙwayoyin COS-7, waɗanda asalinsu daga ƙodar biri ne, ba su da IIA, don haka idan antibodin IIA ya haska su, ƙarya yake yi. Mafi ƙarfin hujja ita ce a kashe ƙwayar gadon da fasahar gyaran ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR, ko a rage aikinta, a ga ko layin ya ɓace. Akwai kuma abin da ɗalibai suke yawan mantawa, cewa antibodin da ya yi kyau a kan takarda, inda furotin ya warware, ba lallai ne ya gane shi a cikin ƙwayar da aka sandarar da sinadarin fomalin ba. Kowace hanya da nata gwajin. Wanda kuma aka haɗa a jikin zomo, kwalbar bana ba dole ta zama daidai da ta bara ba, domin wani zomon ne daban, don haka a riƙa rubuta lambar rukunin kwalba a littafin aiki.

Kada a ɗauka duk wannan tsanani na masu bincike ne kawai, domin yana kaiwa har gadon asibiti. A shekarar 2000 aka gano cewa tawaya a MYH9 ita ce sanadin cutar gado da wani likita mai suna May ya fara bayyanawa a 1909, wani likitan mai suna Hegglin ya ƙara bayani a 1945. Masu ita suna da filatilet kaɗan amma manya-manya, wasunsu kuma daga baya su gamu da kurumta, ko yanar ido, ko ciwon ƙoda. Na'urar ƙirga jini takan tsallake waɗannan manyan filatilet saboda girmansu, sai adadin ya fito ƙasa da gaskiya, a zaci garkuwar jiki ce take cinye su, a ɗora mutum a kan maganin sitiroyid da ba zai amfane shi ba, wani ma har a cire masa saifa.

Shinji Kunishima da abokansa a Japan sun nuna yadda antibodin IIA yake raba gardama. A shafa ɗigon jini a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a zuba antibodin, a bi shi da na biyu mai ɗauke da rini mai ƙyalli, sannan a duba fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. A jinin mai lafiya hasken yana bazuwa ko'ina cikin ƙwayar daidai wa daida. A jinin mai cutar kuwa furotin ya dunƙule, sai a ga ɗigo-ɗigo masu haske, wani lokaci ƙanana da yawa, wani lokaci babba ɗaya ko biyu, har a inda rinin da aka saba amfani da shi bai nuna komai ba. Tun da busasshen gilashi ne, ana iya aika shi zuwa ɗakin gwajin da ke da na'urar hangen mai ƙyalli, ba sai an ɗauki marar lafiyan an yi tafiya da shi ba.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.