Filashin saka Windows ko Linux ya ƙi tayar da kwamfuta? Ga inda za ku duba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka, ina gaishe ku daga nan Turai. Ga laftop a gabana, ga filashi. Kun sauke Windows ko Ubuntu (wani nau'in Linux), kun zuba a filashi, kun kunna kwamfuta, sai ta wuce abinta zuwa tsohon Windows kamar ba ta gan shi ba. Kafin ku goge filashin ku sake zubawa, ku lura da daidai wurin da aikin ya tsaya, domin wurin ne zai gaya muku abin da ya lalace.

Mu fara da wanda ko sunan filashin bai bayyana ba. Kuna danna madannin kunnawa, ku riƙa buga madannin da ke fito da jerin wuraren tashi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc ko F8 a Asus. A Acer ma F12 ne, amma sau da yawa sai an buɗe shi a cikin BIOS tukuna, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. Idan kwamfutar tana saurin wucewa, ku bari Windows ya buɗe, ku riƙe Shift, ku danna Restart, sai ku zaɓi “Use a device”. Ku kuma canza ramin USB. A kwamfutar tebur ku sa shi a baya, kada ku bi ta mahaɗar da ke raba rami ɗaya gida huɗu.

To, yanzu ku matso, nan ne yawancin matsalar take. Hanyar tashin kwamfuta iri biyu ce: tsohuwa, wadda za ku ga an rubuta Legacy ko CSM, da sabuwa, wato UEFI. Tsohuwar tana neman umarnin tashi a sashen farko na faifai, a tsarin MBR. Ita kuwa UEFI fayil take nema, BOOTX64.EFI, a cikin jakar BOOT da ke cikin jakar EFI. Idan an shirya filashi don ɗaya, kwamfuta kuma tana jiran ɗayar, ba za su haɗu ba. Ku buɗe Rufus, manhajar da ake rubuta Windows ko Linux a filashi da ita. Ga sabuwar kwamfuta, ku zaɓi GPT, wato sabon tsarin raba faifai, wurin “Target system” ya nuna UEFI. Ga tsohuwa mai BIOS zalla, MBR. Windows 11 dai UEFI yake buƙata, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Wani lokaci sunan filashin zai fito sau biyu a jerin. Ku ɗauki wanda aka rubuta UEFI a gabansa.

Akwai kuma tarkon FAT32, wani tsarin ajiye fayiloli a filashi, wanda nake so ku fahimta da kyau. Kusan kowace UEFI tana karanta FAT32, amma FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Fayil ɗin install.wim na Windows na yanzu ya fi haka girma. Shi ya sa wanda ya kwashe fayiloli da hannu zai ga kwafin ya katse, ko saka Windows ya tsaya a tsakiya. Rufus yana kauce wa wannan ta hanyar yin NTFS, tsarin da ke ɗaukar manyan fayiloli, tare da wani ɗan ƙaramin sashe da ke taimaka wa UEFI ta karanta shi. Manhajar Microsoft ta Media Creation Tool ita ma tana yin aikin lafiya, sai dai dole filashin ya kai gigabait 8. Abin da ba na so ku yi shi ne jefa fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin Windows ko Linux da kuka sauke, cikin filashi kamar hoto. A filashin da aka shirya da manhajar Ventoy ake yin haka, domin an gina ta ne don wannan. Haka kuma balenaEtcher da umarnin dd sun dace da ISO na Linux, ba na Windows ba.

Idan kun zaɓi filashin sai saƙo ya fito yana cewa “Security Violation”, Secure Boot ne ya tare hanya, wato tsaron UEFI da ke hana manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu tashi. A cikin nau'ikan Linux, Ubuntu da Fedora suna da sa hannun da yake amincewa da shi, Arch kuwa ba shi da shi, Ventoy kuma sai kun shigar da makullinsa a karon farko. Kuna iya kashe Secure Boot a BIOS, amma don Allah ku ji wannan: idan faifanku na da BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe bayanai da shi, ku nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 ku rubuta a takarda kafin ku taɓa komai. Canjin kan sa Windows ya nemi lambar, in babu ita kuma bayananku sun kulle.

Wani kuma filashin ya tashi, jerin GRUB, wato jerin zaɓin tayar da Linux, ya fito, daga nan allo ya yi baƙi. Wannan galibi katin hoto ne, musamman Nvidia. A jerin ku danna e, ku ƙara nomodeset bayan quiet splash, ku danna F10. Idan kuwa Windows ya buɗe amma bai ga faifan kwamfutar ba, galibi Intel RST ko VMD ne, wato tsarin Intel na sarrafa faifai. Ku sa direbansa a filashin ku loda shi ta “Load driver”.

Saura ingancin kayan. ISO kan lalace yayin saukewa idan intanet ya yanke. A PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, ku rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ku gwada lambar SHA256 da ta fito, wato lambar tantance fayil, da ta shafin da kuka sauke; ko harafi ɗaya ya bambanta, ku sake saukewa. Filashin jabu kuma, mai nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai ba, manhajar H2testw za ta tona shi. A ƙarshe ku gwada filashin a wata kwamfutar: in ya tashi a can, ku koma saitin BIOS na taku, in ya ƙi, ku sake rubuta shi a wani filashin daban.

Wanda har yanzu tasa ta ƙi, ya turo mini sunan kwamfutar da ainihin saƙon da ya fito a allo, mu duba tare. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.