Nazarin Ƙunshiyar Magana a Binciken Aikin Jinya: Laccar da Aka Gabatar wa Ɗalibai a Jos

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikatan jinya. Yau za mu duba nazarin ƙunshiyar magana, wato yadda mai bincike ke rarraba abin da majinyata suka faɗa a hira don ya fito da ma'anarsa.

Wanda ya naɗi hirar majinyata da wayarsa, aikinsa na farko shi ne ya rubuta ta kalma bayan kalma, har da inda mutum ya yi shiru ko ya yi dariya. Hirar awa ɗaya takan ci awa 4 zuwa 6 wajen rubutawa, don haka ku tanadi lokacin tun farko. Sannan a karanta rubutun sau da dama kafin a fara rarraba shi.

Wani tsari da ake yawan bi a fagenmu shi ne na Graneheim da Lundman na Jami'ar Umeå a Suwidin, wanda suka wallafa a 2004. Ana yanka magana zuwa gaɓoɓin ma'ana, wato guntayen magana da kowanne ke ɗauke da batu ɗaya, a taƙaita kowace gaɓa ba tare da an canza ma'anarta ba, a ba ta laƙabi, wato ɗan gajeren suna mai nuna abin da ta ƙunsa, a tara laƙabobi masu kama da juna su zama rukuni, daga rukunan kuma a fitar da jigo, wato ma'anar da ta ratsa rukunan.

Ga misali. A ce wata mai ciwon suga ta ce: idan ta zo asibiti da sassafe sai la'asar take ganin likita, shagonta kuma yana kulle yini guda. Laƙabin da ya dace shi ne "asarar ciniki saboda jira". Amma da yawa sai su rubuta "rashin haƙuri" ko "sakaci da magani". Nan ne bincike ke lalacewa, domin hukuncin mai bincike ne aka rubuta, ba maganar matar ba. Mu da muka saba ba majinyaci shawara mun fi kowa faɗawa wannan tarko. Laƙabi ya tsaya kusa da abin da aka furta. Fassarar abin da ke ɓoye sai an zo matakin jigo.

Rukunai kuma kada su shiga juna. Idan laƙabi ɗaya ya dace da rukuni biyu, ba a gama tace su ba.

Mutum biyu su sa laƙabi a hira ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan su zauna su duba inda suka saɓa. A ajiye tebur mai nuna gaɓa, taƙaitawa, laƙabi da rukuni, domin mai duba aikinku zai so ya bi sawun kowane jigo har zuwa bakin wanda ya faɗa. Sunayen majinyata kuwa a cire su tun a rubutun farko, a maye su da lamba.